Gidan da ɗana ya saya a Holan da zauren da muka sayar a Argungu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka sam mini fili, ko da zai ɗan fi na kullum faɗi, domin maganar tawa ba ta gajartuwa. Ni tsohon malamin makaranta ne, na koyar da aikin katako da zanen gini shekara 33 kafin in ajiye alli, kuma a Argungu aka yanke cibiyata. Gidaje biyu ne suka sa na ɗauki biro. Ɗaya da hannuna na sa aka sayar da shi a 2021. Ɗayan kuwa ina zaune a kujera ina kallo aka saye shi a 2024, a ƙasar Holan. Tun da na dawo su biyun suke hana ni barci.

Ɗan farina, wanda ko a takarda ba zan kama sunansa ba, ya tafi garin Delft karatun sarrafa ruwa, Allah ya sa abincinsa a can yake, ya samu aiki a birnin Zwolle. Shekara tara suna haya shi da matarsa a hawa na uku na wani dogon bene. Da ciki na uku ya tsaya sai suka fara neman na kansu. Sau huɗu suna taya gida a cikin Zwolle ana kasa su. A can mai gida yana faɗin kuɗin da yake so, a sa hoton gidan a shafin intanet na tallar gidaje mai suna Funda, masu so su zo su duba na ɗan minti ashirin, sannan kowa ya aika da tayinsa a ɓoye kafin ranar da aka yanka. Mu nan in an ce maka miliyan goma daga shida za ka fara, kana rantsuwa kana kama hanyar tafiya. Su sama ake hawa. Gidaje sun yi musu ƙaranci, gwamnatinsu da kanta tana maganar giɓin gida wajen 400,000, kuma a shekarar matsakaicin gida ya kai Yuro 450,000. Da Zwolle ta gagara sai suka leƙa wani ɗan gari da ake kira Elburg, tafiyar kilomita 20 ko kusa da haka. Aka nemi Yuro 365,000, suka taya 382,000, aka sallama musu. Da ya faɗa mini a waya na ɗauki takarda na buga da canjin lokacin, na ga ya haura Naira miliyan 600. Na ce masa, "Kai, gidan nan da rijiyar fetur a ciki?" Ya ce, "Baba, faɗinsa bai kai mita biyar ba, kuma ya haura shekara 250 da ginawa."

Na ɗauka an cuce shi. Da wannan zuciyar na hau jirgi a watan Yuni, da sunan zuwa sunan jika.

Elburg, Malam Edita, garin masunta ne irin namu, abin da ya fara sanyaya mini jiki ke nan. Tsakanin 1392 da 1396 aka sake gina shi, murabba'i, layuka a miƙe kamar an ja su da igiya, da ganuwa da gwalalo mai ruwa kewaye da shi. Wato shekara ɗari da ɗoriya kafin Kanta, Sarkin Kabi, ya gina birnin Surame. Tsoho irina yana zagaye ganuwar a rabin awa ba tare da ya yi haki ba. Akwai wani ɗan rafi da ya ratsa tsakiyar gari da itatuwa a gefensa, akwai dandamalin ƙofar gidaje da aka shirya da 'yan tsakuwa farare da baƙaƙe, akwai kuma ƙofar gari guda da ta rage a tsaye, suna ce mata Ƙofar Kifi, domin ta nan ake fita bakin ruwa. A da teku ce a gabansu. A 1932 aka datse bakin tekun da madatsa mai tsawon kilomita 32, ruwan gishiri ya koma na daɗi, sannan a 1957 aka zuƙe ruwan da ke gaban garin aka mai da wurin gonaki. Ka kwatanta a wayi gari a ce Matan Fada, inda ake bikin kamun kifinmu, ta zama tudu. Kamun kifi ya mutu a matsayin sana'a, masunta suka watse cikin wasu ayyuka. Amma gidajensu suna nan, kwale-kwalensu na katako masu filafilai suna nan 'yan sa-kai na kula da su, har yanzu kuma ana banda wani kifi mai kama da gaiwa ana sayar wa baƙi da tsada. Na ci. Bai kama ƙafar bandar giwan ruwa ba, amma na ci.

Ranar karɓar makulli da safe muka fara zuwa gidan da dillalin mai sayarwa, aka bi ɗaki ɗaki, aka karanta mitar wuta da ta gas da ta ruwa aka rubuta. Daga nan muka wuce ofishin wani lauya mai rantsuwa da suke kira notaris. A Holan ba a mallakar gida sai ta hannunsa. Ba na mai saye ba ne, ba na mai sayarwa ba ne, kuma kuɗin gidan ba ya shiga hannun mai gida kai tsaye. Banki da mai saye suna zuba shi a wani asusu na amana da ke hannun notaris, shi kuma ba ya saki sai ya tabbatar babu bashi ko jingina a kan gidan, ya kuma shigar da takardar a ofishin rajistar filaye na ƙasa, Kadaster, wanda ke aiki tun 1832. Kowa ma, har ni baƙo, in na biya 'yan Yuro kaɗan za a faɗa mini mai kowane gida da nawa ya saye shi da kuma ko akwai jingina a kansa. Da yake surukata harshen nasu bai zauna mata sosai ba, doka ta wajabta a kawo tafinta mai rantsuwa, aka karanta mata komai da Ingilishi kafin ta sa hannu. Minti arba'in aka gama, da kofin gahawa a gaban kowa. Aka miƙo makulli.

A hanyar komawa ɗana ya warware mini abin da ya gabata tun watan Maris. Bayan an sa hannu a yarjejeniyar farko, doka ta ba mai saye kwana uku na tunani, in ya fasa ba zai biya ko anini ba, ba kuma sai ya faɗi dalili ba. Sannan an rubuta sharaɗin cewa in banki ya hana rance cikin makonnin da aka ɗiba, cinikin ya warware. Shi kuma ya ajiye kashi 10 cikin 100 a wurin notaris, wanda zai yi asara in ya gudu babu hujja. Mai sayarwa ya cika wata doguwar takarda ya faɗi duk aibin da ya sani: inda ke yoyo, inda ke tsatsafo, shekarar da aka sake wayar wuta. Na ce masa ai wannan karatunmu ne. A fiƙihun Malikiyya da muka yi a zaure akwai cinikin zaɓi, har an ce na gida yana iya kai wata guda, kuma ɓoye aibi haramun ne, wanda aka ɓoye wa yana da ikon mayarwa. Mu muka haddace, su suka sa ofis da hatimi a kai.

Haraji ma da lissafinsa. Mai sayen gidan da zai zauna a ciki yana biyan kashi 2 cikin 100. Amma wanda bai kai shekara 35 ba ana yafe masa sau ɗaya a rayuwa in gidan bai wuce wani ƙima ba, a shekarar Yuro 510,000 ne. Ɗana yana da 38, matarsa 33, gidan kuma rabi da rabi suka rubuta, sai aka yafe rabinta, ya biya Yuro 3,820 a nasa. Wanda ya saya don ya ba da haya kuwa a lokacin kashi 10.4 zai biya. Bari in ratsa nan in gaya wa masu kuɗinmu da ke jin ana cewa sayen gida a Turai yana ba da takardar zama: a Holan baƙo yana iya saye, amma gidan ba ya ba shi izinin kwana ko ɗaya fiye da bizarsa, kuma sai ya nuna wa banki da notaris asalin kowane kwabo.

Akwai abin da har yau bai kwanta mini ba, ba zan ɓoye ba. Rancen na shekara 30 ne, da ruwa a kai. Ya ce ya nema bai samu bankin da zai yi masa ciniki irin na Musulunci ba, ya kawo mini fatawar da wata majalisar malamai ta Turai ta bayar a 1999 cewa wanda ba shi da gida kuma ba shi da wata hanya yana iya karɓa saboda lalura. Na san kuma akwai malaman da suka yi mata raddi mai zafi. Mun yi daren farko muna wannan magana, daren da ba dare ba, don rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, kafin ka yi isha'i ka miƙe ƙafa asuba ta ƙwanƙwasa. Ban ce masa ya yi daidai ba, ban ce ya fasa ba tunda alƙalami ya bushe. Ranar da zai gama biya yana da shekara 68. Ina yi masa addu'a Allah ya hore masa ya sauke kafin nan.

Shi gidan kansa, wallahi da a nan ne da ba ka ba shi kuɗin fili ba. Ƙofa a kan titi take, kana buɗewa ka faɗa falo, babu zaure babu soro, ga wata ƙatuwar taga da duk mai wucewa zai ga abin da ke cikin kwanonka. Maƙwabta haka suke barin tasu a buɗe. Surukata kafin a shigo da gado ta rataya labule. Matakalar bene kuwa tsani ce kawai aka yi wa ado, da baya nake saukowa kamar mai fitowa daga rumbu. Amma da na ɗaga kai na ga gungumen da ke riƙe da rufin sai malamin katakon da ke cikina ya farka. Na hau kujera na sa 'yar wuƙata na tsokana. Taurin ƙirya. Haɗin kuma babu ƙusa, turaku ne na katako, ga alamar gizago ba ta goge ba. Wani kafinta da ya mutu tun kafin jihadin Shehu ya sassaƙa shi, ga shi jikata tana barci a ƙarƙashinsa.

Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi na ƙasa. Suna da irinsu sama da 60,000, a ɗan garin nan kaɗai sun haura 200. Ma'anar haka, naka ne, da kuɗinka ka saya, amma ba ka sake taga ko ka fasa bango sai da izinin ƙaramar hukuma. Surukata ta so a cire bangon da ke tsakanin madafa da falo, aka ce a'a. Shi ya so ya sa gilashi mai ruɓi biyu saboda sanyi da tsadar gas, ya jira mako takwas, aka ce ya bar tsohon katakon tagar yadda yake, ya sa wani siririn gilashi na musamman a ciki, wanda ya fi tsada. Na ga ransa ya ɓaci. Ni ma na taya shi ɓacin rai, na ce wannan ai mallaka ce da igiya a wuya.

Ana nan wata Talata sai ga mota ta tsaya da dogayen tsani a kanta. Mutum biyu suka fito da igiya a ƙugu. Ashe akwai wata ƙungiya, Monumentenwacht, wato masu gadin tsoffin gine-gine, tun 1973 take. Mai gida yana biyan ɗan kuɗin shekara da na awoyin aiki, su kuma su zo su hau rufi, su leƙa indararo, su shiga ƙarƙashin daɓe da tocila, su ƙwanƙwasa katako su ji ko ƙwaro ya ci. Inda tayil ɗin rufi ya zame nan take suke mai da shi. Bayan kwanaki suka aiko da rahoto da hotuna: wannan a gyara bana, wannan zai kai shekara uku, wannan a bar shi kada a taɓa. Sannan in ka yi gyaran da aka amince da shi, a lokacin gwamnati tana mayar maka da har kashi 38 cikin 100 na kuɗin, akwai kuma wani asusu na ƙasa da ke ba masu irin waɗannan gidaje rance mai sauƙi. Ina tsaye a titi, hannu a goshi, ina kallon mutumin nan yana kwashe ganye daga indararo, sai hawaye suka zo mini. Ɗana ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce iska ce.

Ba iska ba ce. Maginin gidanmu na tuna.

Kakana ya gina gidanmu a zamanin Sarkin Kabi Sama, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915. Zauren ɗaurin guga ne, bakan gizo biyu sun gitta juna, azara a jere kamar haƙoran mataji, bango mai kaurin da yaro zai kwanta a kan tagarsa. A watan Afrilu, lokacin da kwalta ke narkewa, in ka shiga sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa. A nan aka ɗaura auren ubana da nawa, a nan aka yi wa mutum fiye da ashirin sallah. Muna yara, duk shekara kafin ruwan farko wani magini yakan zo da yaransa. Ba a kiransa, ya san lokaci. Ya hau rufi ya cire ciyawa, ya toshe tsaga, ya sake laso inda ya ɓare, ya gyara bakin indararo, a jiƙa makuba a shafe bango. A ba shi damin gero biyu da abin goro. Abin da mutanen nan biyu na Elburg suke yi da mota da kwamfuta, shi ne yake yi da ƙafa da tafin hannu.

Da ya rasu 'ya'yansa ba su gaje shi ba, ɗaya ya koma buga bulo, ɗaya kabu-kabu. A nan zan faɗi laifina. Ni ne ɗan boko, ni ne malamin zanen gini, ni na ba da shawara a 1994 a yi wa zauren filasta da siminti a huta da yaɓen kowace shekara. Siminti ba ya numfashi. Ruwa ya samu tsaga ya shiga bayansa, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin ƙasa a ɓoye, gara ta bi danshi ta kama kan azara. Daga waje fes, ciki kuwa gari. Damina ta 2020, wadda ambaliyarta ta cinye shinkafar fadamar Kebbi, ita ta fasa ƙwai: ɓangaren gabas ya zube cikin dare, Allah ya tsare babu kowa. Muka zauna mu magada 11. Wani yana Legas, wani yana son kuɗin aurar da 'ya, wata tana son jari. Na san ina da hakkin shufa'a, in sayi rabon 'yan'uwa kafin bare, amma da fanshon malamin makaranta? Yayana ya ce, "Kai ɗai ka son ƙasa. Mi za mu yi da zauren da ba mu iya gyarawa?" Ban da amsa. Aka sayar.

Cinikin ma sai da ya sha ruwa. Dillalai uku kowa na neman la'ada, takarda da hannu aka rubuta, shaidu suka dangwala, kuɗi rabi a banki rabi a jakar leda. Bayan wata biyu wani ya ɓullo da tsohuwar takardar ajami cewa an jinginar wa ubansa kusurwar da ke wajen rijiya, muka yi wata bakwai muna sintiri kafin a sasanta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna, a nemi takardar mallaka, amma gidajen cikin tsohon gari nawa ne ke da ita? Iyakarmu a ƙwaƙwalwar tsofaffi take, su kuma kullum ana kai su makwanci. Wanda ya saya bai yi laifi ba, kuɗinsa ya biya. Kwana huɗu lebura suka yi suka baje abin da ya shekara fiye da ɗari. Yanzu shaguna shida ne na bulo, ɗaya ana cajin waya, ɗaya ana sayar da taliya. Rabona, da na canza shi a zuci zuwa Yuro a ofishin notaris ɗin nan, bai kai kuɗin aikinsa na minti arba'in da na tafinta ba.

To ga abin da nake so in ce, Malam Edita. Mun saba cewa Turawa suna son tarihi mu ba ma so. Na zauna da su wata biyu da rabi, ban yarda ba. Maƙwabcin ɗana, wani tsoho da ubansa masunci ne, ya ce da a ce an bar shi da tuni ya sa tagogin roba ya huta da fenti. Mutum ko'ina mutum ne, sauƙi yake so. Abin da ya tsayar da gidajensu shi ne an rubuta su ɗaya bayan ɗaya, an hana rushewa, sannan, wannan ne babba, ba a bar mai gida shi kaɗai da nauyin ba. An aiko masa da mai duba rufi, an ɗauke masa wani kaso na kuɗi, an sa sana'ar gyaran tana ciyar da mai yin ta, shi ya sa har yau ake samun saurayi yana koyonta. Da haka tsohon gida ya zama abin da ake rububi, banki ma yana karɓarsa jingina. Mu kuwa tsohon gida ƙasa ce da ta tare fili, mai saye har rage kuɗin kwashe ta yake yi.

Don haka ba na goyon bayan masu cewa a kafa doka kawai a hana rushe gidajen ƙasa. Wanda ruwa ke zuba a kan 'ya'yansa, ka ce masa kada ya taɓa saboda tarihi, ka zalunce shi. Ba kuma ina cewa kowa ya koma ginin tubali ba. Uwargidana ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta koma sharar ƙasa da kisan kunama ba, kuma tana da gaskiya. Giginya ma ta yi wuya, azara mai kyau sai an tafi nesa. Ina magana ne a kan 'yan kaɗan da suka rage: zaurukan masu sarauta, tsoffin masallatan unguwa, gidajen malamai da na manyan masunta. Gidan Nabame, tsohuwar fadar Argungu, da aka gina a 1831 aka mai da shi gidan tarihin Kanta a 1958, yana tsaye ne domin yana da mai kula da shi. Sauran fa?

Roƙona ga masarautarmu da gwamnatin jiha ba mai tsada ba ne. A sa ɗaliban fasaha su bi unguwa unguwa a Argungu da Birnin Kebbi da Gwandu da Yawuri, su ƙirga abin da ya rage, su auna, su ɗauki hoto, su rubuta sunan gida da iyakarsa tun masu sani suna da rai. A nemo tsoffin magina a sa musu albashi, kowanne a haɗa shi da samari, su riƙa zagayawa tsakanin Maris da Mayu kamar yadda ake yi a da. Wanda ya yarda a rubuta zaurensa a taimaka masa da azara da kuɗin aiki, ko rance marar ruwa, shi kuma ya yi alkawarin ba zai rushe ba, ba zai shafa siminti ba. In gado ya zo rabo, a ba wanda ke son riƙewa lokaci ya biya 'yan'uwa a hankali. Kuɗin mota ɗaya ta manya zai riƙe wannan aiki shekara guda. Bikin kamun kifi da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2016. Baƙi suna zuwa daga ko'ina, su ga ruwa, su ga gora da homa, su leƙa gidan tarihi, la'asar ta yi su shiga mota. Elburg ba ta da kifin kamawa yanzu, amma duk Asabar garin cike yake da masu yawo suna kallon bango suna sayen abinci.

Kada a ce na dawo ina yabon ƙasar wasu. Ranar Lahadi garin nan shiru yake kamar an yi rasuwa, masu riƙon addinin Kirista ne sosai, yawancin shaguna a rufe. Juma'a sai mun tafi Zwolle. Maƙwabci ba ya faɗo maka sai da alkawari, kuma 'ya'yan garin da yawa ba su iya sayen gida a layin da aka haife su. Ga harajin gida na shekara, ga na hukumar ruwa mai kula da madatsu, don wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da teku. Ranar da bizata ta kusa cika ban yi baƙin ciki ba. Na yi kewar ƙofar gida da tabarma da wanda zai ce mini sannu da hutawa ba tare da ya duba agogo ba.

Ranar da ake rushe zaurenmu na sayi azara uku daga hannun lebura, suna shirin kai wa mai tuyar ƙosai. Suna nan a bayan ɗakina, na ɗora su a kan duwatsu saboda gara. Makon jiya a wurin jana'iza na haɗu da wani tsoho, cikin yaran da ke bin maginin gidanmu a da. Na ja shi gefe na tambaye shi ko har yanzu zai iya ɗaurin guga. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "Malam, in an samu azara da mai biya, hannu bai mance ba. Amma idon ga ya fara hazo." Na ce masa ina da uku. Ya yi dariya ya ce zaure ƙarami ma sai ɗari biyu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin aikin katako,
Argungu, Jihar Kebbi.